TSOHUWAR TAKARDA, SHAIDAR LAFIYA

Jawabin da tsohon Hedimastan makarantar firamare ta garinmu ya gabatar a babban taron Ƙungiya na shekara-shekara

     

GABATARWA

Sa'ad da shugabannin Ƙungiya suka nemi mu ce wani abu game da kiwon lafiya, sai da muka yi jim. Mu ba likitoci ba ne. Iyakar saninmu alli da allo, da ɗan abin da aka koya mana na tsafta a Kwalejin Horon Malamai. Saboda haka ba za mu yi shisshigi cikin aikin da ba namu ba. Za mu yi magana ne kan abin da muka shafe rayuwarmu muna juyawa, wato takarda: tsofaffin zane-zane da ƙasidu da rahotannin kiwon lafiya da ke ajiye a ɗakunan karatu, da kuma irinsu da suke ruɓewa a garinmu ba mai ko kallonsu.

Bari mu fara da tona asirin kanmu. A sito na wata makaranta da muka shugabanta akwai wani tsohon kabad da muka gada. A cikinsa akwai manyan takardun liƙawa a bango na darasin tsafta. Ɗaya tana nuna ƙuda ya taso daga bayan gida ya sauka kan tuwo. Wata tana nuna rijiya mai bakin siminti da murfi, wata kuma mace ce tana tace ruwa da ƙyalle a bakin randa. Akwai ƙananan littattafai bugun Zariya, akwai kuma littafin da hedimastocin da suka gabace mu suke rubuta abin da ya faru kullum, har da ranakun da aka rufe makaranta saboda annoba. Kullum muna cewa za mu gyara kabad ɗin in an yi hutu. Wata damina kwano ya yi yoyo, gara ta biyo bango. Ranar da muka buɗe, abin da muka tarar ƙasa ce da guntayen takarda. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba, namu ne. Wannan nadama ce ta haifi jawabin yau.

ABIN DA WASU SUKA ADANA

A birnin Landan akwai ɗakin karatu na Wellcome, a Amurka kuma akwai babban Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa da ke garin Bethesda. Aikinsu tara duk abin da aka rubuta ko aka zana game da cuta da magani. Sun ɗauki hoton dubban waɗannan takardu sun sa a intanet, kowa yana iya gani kyauta. Za mu kawo misali uku daga irin abin da ake samu a can.

Na farko ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 1721 annobar agana ta auka wa birnin Bostan. Kafin nan wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda aka raɗa wa suna Onesimus, ya gaya wa ubangidansa Cotton Mather cewa a ƙasarsu akan tsaga fatar mai lafiya a sa masa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, sai ya yi ciwon sama-sama, ba ya sake kamuwa. Wani likita, Zabdiel Boylston, ya gwada a kan mutane fiye da 240, shida kaɗai suka mutu, wato kimanin ɗaya cikin arba'in. Waɗanda cutar ta kama haka kawai kuwa, kusan ɗaya cikin bakwai ne suka mutu. Boylston ya buga wannan lissafi a Landan a 1726. Ba don an rubuta an adana ba, da wa zai yarda cewa baƙar fata ne ya kai wannan ilmi can?

Na biyu shi ne ɗan littafin da Edward Jenner ya buga a Ingila a 1798. A ciki akwai zane mai launi na hannun wata mai tatsar shanu da ƙurajen da ta ɗauka daga nonon saniya. Jenner ya nuna cewa wanda aka sa wa ruwan wannan ƙurji marar haɗari, agana ba ta kama shi. Tushen lambar da ke damtsen yawancin dattawan da ke zaune a nan ke nan.

Na uku taswira ce. A 1854 cutar amai da gudawa ta kashe mutane fiye da 500 cikin kwanaki goma a wata unguwa ta Landan. A lokacin har manyan likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Dakta John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda ake ɗebo ruwan sha, ya zana taswirar unguwar, ya sa baƙin layi a ƙofar kowane gida bisa yawan mamatansa. Sai ga layukan sun taru a kewayen famfo guda. Hukuma ta cire hannun famfon, shi kuma ya buga taswirar a littafinsa na 1855. Daga baya aka gano cewa ƙazanta daga wata shadda ce take tsiyaya cikin rijiyar. Jama'a, duk wanda ya dubi tazarar da ke tsakanin wasu rijiyoyinmu da shaddodinmu ya san wannan taswira ba ta tsufa ba.

NAMU NA GIDA

Kada wani ya zaci rubutu kan lafiya baƙon abu ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan magani, har da ciwon ido da basir. Ana samun irin waɗannan rubuce-rubucen hannu a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da kuma taskokin gidajen malamai.

Da aka shiga zamanin ɗab'i, Zariya ce ta zama cibiya. A can Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Dakta Rupert East. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana editanta na Hausa, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa jagoranci, sai hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha domin waɗanda suka iya karatu da girmansu, kan noma da kiwo da sana'a da tsafta da kiwon lafiya. Ta kuma buga jaridun larduna, irin su Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya da Zumunta a Bauci. Mutum ɗaya ya karanta a dandali, goma su saurara. Da dare kuma motar majigi ta zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a yadda sauro da ƙuda suke yaɗa cuta.

Ina waɗannan takardu suke yau? Waɗanda suka tsira suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. A ma'ajiyar Kaduna akwai fayilolin larduna, da rahotannin shekara na Ma'aikatar Lafiya, da bayanan da jami'an mulki suka rubuta kan gundumomi: yawan jama'a, rijiyoyi, kasuwanni da annobar da ta ratsa.

DARASIN TAKALAFIYA

Domin mu ga nauyin rahoto guda, bari mu ɗauki na Anchau a ƙasar Zazzau. A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi sassa da yawa na Arewa. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, shi kuwa yana zaune ne a cikin duhuwar bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Mai ciwon yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga bisani ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, in ba a yi magani ba ya mutu.

Daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani gagarumin aiki a yankin Anchau. Aka sassabe kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon mil saba'in, domin ƙudan ya rasa inuwar fakewa. Aka tayar da kimanin mutane 5,000 daga ƙananan ƙauyuka zuwa sababbin matsugunai, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka buɗe hanyoyi masu faɗi tsakanin gidaje. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau aka sa masa suna Takalafiya, yana nan har yau a Ƙaramar Hukumar Kubau. Masanin ƙwari da ya jagoranci aikin, Dakta T. A. M. Nash, ya rubuta rahoto da aka buga a Landan a 1948.

Sai dai irin waɗannan takardu ana karanta su ne da ido biyu. Waɗanda suka rubuta su masu mulki ne, kuma sukan rubuta nasararsu fiye da kukan talaka. Raba mutum da kufan kakanninsa ba ƙaramin abu ba ne, sassaben kurmi kuma da guminsa aka yi, ba kullum da son ransa ba. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda mata ke ɓoye randa in an ce ga duba-gari nan, don tsoron tara. A wasu zane-zanen ma za ka ga an nuna baƙar fata tamkar wanda bai san komai ba. Duk da haka ba a zubar da hatsi don akwai tsakuwa a ciki. A rairaye, a ɗauki ilmin, sannan a haɗa da abin da tsofaffinmu suka gani da idonsu, domin su ne ɓangaren labarin da ba a buga ba.

CUTUTTUKA UKU DA MUKA GA BAYANSU

'Ya'yanmu da aka haifa a birni ba su taɓa ganin mai agana ba. Mu mun tashi mun ga masu zanen ƙuraje a fuska, da waɗanda ta makantar. Muna 'yan firamare aka jera mu a filin makaranta, ma'aikata suka zo da wata bindigar allura da ake taka ta da ƙafa, ana harba wa kowa a damtse. Wannan yana cikin shirin da aka fara a 1967 a ƙasashe ashirin na Yammaci da Tsakiyar Afirka. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. A 1977 aka ga na ƙarshe a duniya da ya kamu ta hanyar yaɗuwa, a ƙasar Somaliya. Ranar 8 ga Mayu, 1980, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa agana ta ƙare.

Ta biyu kurkunu. Mutum ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan halittu da ke goye da 'ya'yan tsutsar. Bayan kimanin shekara guda sai tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Sau da yawa takan kwantar da magidanci ne daidai lokacin da gona ke bukatarsa. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da me aka yaƙe ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki, da fastoci da masu wa'azin lafiya na ƙauye. Cibiyar Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙauyuka da kansa. A Nuwamba 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe, a Disamba 2013 aka ba Nijeriya takardar shaidar rabuwa da ita. Ashe matar nan mai tace ruwa da gara ta cinye a kabad ɗinmu, ita ce likitar.

Ta uku shan inna, kuma a nan ne darasin ya fi ɗaci. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafinta saboda zargi. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin jama'a ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, annobar da ta kashe mutane fiye da 11,000 a ƙasar nan. Amma wa ya biya kuɗin dakatarwar? Yaran da suka shanye, a nan da kuma ƙasashen da cutar ta tsallaka. An koma rigakafi a Kano a 2004, sarakuna da malamai suka shige gaba, har ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin ne saboda wani nau'inta yakan ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

ME YA SA MUKE WAIWAYE?

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Mu kuwa mun ce a harkar lafiya ya wuce ado, kariya ce. Rigakafi yana da wata matsala guda: in ya yi aiki, shaidarsa takan ɓace. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu saboda ƙyanda ba ta bukatar mai lallashinta ta kai na uku asibiti. Jikarta da ba ta taɓa ganin haka ba, ita ce saƙon waya guda na wanda ba a san ko wane ne ba zai hana ta. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano da wasu jihohi, ta ci rayukan yara masu yawa, kuma akasarin waɗanda ta kama ba su sami cikakken rigakafi ba. Cuta ce da allurarta ta daɗe a ɗakunan shan maganinmu.

Dattawan da suka ga agana da kurkunu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan suka tafi, takardun kuma gara ta cinye, da wace hujja za mu tunkari mai gardama? Gani ya kori ji. Hoto guda na fuskar mai agana, da rajistar ɗakin shan maganin garinmu da ke nuna yadda yara suka riƙa zuwa da ƙyanda kafin allura da bayanta, sun fi dogon jawabi irin namu tasiri.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ba mu zo neman miliyoyi ba. Shawarwarinmu shida ne.

Na ɗaya, Ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti, a sa malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da wakilin fada da mace guda aƙalla, su bi makarantu da tsohon ɗakin shan magani da ofishin Hakimi da gidajen tsofaffin ma'aikatan En'e, su tattara abin da ya saura: fastoci, ƙasidu, katunan awo, rajistoci da hotuna. Wanda ba ya son rabuwa da nasa, a ɗauki hoto a mayar masa.

Na biyu, a ware ɗaki ɗaya marar yoyo, a sa kabad na ƙarfe a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga jikin bango. Kada a liƙe tsohuwar takarda da salatif, kada a manne ta cikin leda da zafi, kada a yi rubutu a kanta da biro. A sa kowace a cikin jakar takarda, a rubuta inda aka samo ta da fensir. A riƙa buɗe ɗakin ana dubawa, musamman da damina. Mu da muka yi sakaci mun san abin da muke faɗa.

Na uku, ku mazauna Kaduna da Zariya, ku ba da yini ɗaya cikin shekara ku shiga ma'ajiyar tarihi da ɗakunan karatun da muka ambata, ku nemi fayilolin gundumarmu, ku yo mana kwafi bisa ƙa'idar wurin. Kuɗin da za ku kashe bai kai na ɗinkin Salla ba.

Na huɗu, matasanmu masu waya da kwamfuta su ɗauki hoton duk abin da aka tara, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Su kuma sauko da zanen Jenner da taswirar Snow daga intanet, a buga su da girma, a rubuta bayani da Hausa a ƙasa. Ɗakin Karatun Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ceton takardun da ke cikin haɗari, kuma arewacin Nijeriya ya amfana da shi. Masu ilmin cikinmu su bincika ko za mu dace.

Na biyar, a zauna da tsofaffi, musamman unguwarzoma da wanzamai da tsofaffin malaman asibiti, a naɗi muryarsu. A tambaye su yadda aka yi da annoba a zamaninsu, abin da ya yi amfani da wanda ya cutar. Wannan shi ya fi gaggawa, domin takarda takan jira shekara, tsoho ba shi da tabbacin gobe.

Na shida, a kiyaye amana. Rajistar asibiti tana ɗauke da sunayen mutane da ciwonsu, wasu kuma cututtuka ne da ake jin kunyarsu, kamar kuturta. A fitar da adadi, a rufe suna. Ba mu tara tarihi don mu tona asirin gidan kowa ba.

In an yi waɗannan, sau ɗaya a zango a kai 'yan aji biyar da shida su ga kayan, a kuma baje su a wannan zaure duk ranar taron shekara, domin 'ya'yanku da kuke zuwa da su daga birni su san abin da kakanninsu suka tsallake.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe, jama'a masu daraja, an saba auna ci gaban gari da kwalta da wutar lantarki da dogon gini, kuma duk muna son su. Amma garin da ya manta yadda aka yi ya daina binne 'ya'yansa, yana iya komawa gidan jiya yana tsakiyar gine-ginensa. Wasu al'ummu sun adana ɗan littafi na 1798 har muna ganinsa yau a tafin hannunmu, mu kuwa na shekaru sittin ya gagare mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da ke gida za mu ba da lokaci da ƙafa, ku da ke birni ku ba da ilmi da abin da ya sawwaƙa.

Mu dai mun fara. A gida muna da katin rigakafin 'ya'yanmu na fari da littattafan tsafta biyu da muka yi karatu da su a kwaleji, kuma yau mun damƙa su ga Sakataren Ƙungiya. Muna fata baɗi war haka kabad ɗin ya cika.

Inda muka yi kuskure a gafarce mu, likitocin da ke cikinmu kuma su gyara mana. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara wa garinmu lafiya da zama lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.